Aku Ba Ta Iya Karatu Ba

Da safiyar ranar gwaji na biyu, Aku tana durƙushe a bayan kantar shagon babanta, inda mai wucewa ba zai hango ta ba. Tana yanka farin salatif da reza, tana liƙawa a bayan wayoyin da aka kawo caji. In mutum ya miƙo waya, sai uban ya ɗaga murya kamar gaisuwa yake yi, "A'a, Direba, an fito?" Sai ya sunkuya da wayar, ita kuma ta rubuta Direba a kan salatif ɗin, ya ɗago yana hura rubutun kamar shi ya yi. Haka aka yi wa Mai Nama da Matar Tela da Dogo Mai Faci. Duk layin an yarda cewa uban, Mai Caji, ya koyi rubutu da girmansa, har ana yaba masa.

Shekararta goma sha biyu, tana aji shida. Tun tana 'yar mitsitsiya ba ta wuce allon shago ko ledar sabulu ba ta karanta da ƙarfi ba, har uban ya gaji ya ce, "Wannan ai aku aka haifa min." Sunan ya bi ta.

"Kin dai tuna abin da na gaya miki," in ji shi da shagon ya ɗan yi shiru.

"Baba, ka ce wancan ne na ƙarshe."

"Na ce. To yanzu kuma na ce wannan. Ke kika haife ni ko ni na haife ki?"

Ga yadda abin yake. Wata ƙungiya mai tallafa wa karatun yara ce ta shigo unguwar, can bayan gari inda falwayoyi suke tsaye amma wuta ba ta taɓa bi ta kansu ba. Kowane zango sukan gwada yara da wani kati mai hawa huɗu: harafi, kalma, jimla, labari. Yaron da ya kasa wuce harafi, sai a ba shi aron 'yar kwamfutar hannu mai koyar da karatu, haɗe da farantin sola da batir don yi mata caji. Ranar da ya iya karanta labari, a karɓi kayan a ba wani yaron da ke jira. Shi kuma in ɗan aji shida ne, a sa sunansa cikin waɗanda ƙungiyar za ta kai sakandaren kwana, ta ɗauke musu komai har sabulun wanka.

Uban Aku gyaran rediyo yake yi a da, sana'ar da ta mutu a tsaye tun da waya ta shigo. Bai yi boko ba, amma kansa na ja ta inda bai kamata ba. Yana jin an ambaci sola ya kira ta gefe. "In an nuna miki katin nan, ki yi kamar ba ki taɓa ganin baƙi a kan fari ba. Wasa ne, sau ɗaya tak." Ta yi, har tana danne dariya. Kafin mako ya zagayo faranti ya hau rufin shago, Mai Rediyo ya koma Mai Caji. Ita kuwa kwamfutar tana ƙasan akwatinsa an kulle, wai kada ta shanye wutar da za a sayar.

Yau kam babu dariya. Malamar ƙungiyar, wata matashiya mai gilashi da sanyin murya, ta zaunar da ita a kan benci, ta kunna na'urar naɗar murya, ta ajiye katin a tsakaninsu. Ido ba ya jin hani. Kafin Malama ta gyara zama Aku ta gama karanta labarin da ke ƙasan katin, na wata akuya da ta cinye takardar sakamakon ɗan mai ita. Sai da ta ciji leɓe.

"Wannan wane harafi ne?" Malama ta ɗora yatsa a kan ma.

"Um... ba?"

"Sake dubawa, ƙanwata. Kada ki ji tsoro."

"Da?"

Malama ta yi ajiyar zuciya, ta dafa mata kafaɗa. "Ba komai. Kowa da lokacinsa. Za ki iya, in sha Allahu."

Wallahi da marinta ta yi da ya fi mata sauƙi. Aka mayar da ita rukunin 'yan shekara shida, a kan ɗan bencin da gwiwoyinta ba sa shiga ƙarƙashinsa, tana rera a, ba, ca tare da masu majina. Malamin ajinsu na gwamnati kuwa yara ɗari da ashirin ne a gabansa ranar da ya ga damar zuwa, bai san fuskarta ba balle muryarta. Waɗanda suka san ta su ne 'yan layinsu, kuma su ne suka fara ƙus-ƙus, ya aka yi Aku da ke karanta mana takardar asibiti ta kasa harafi? Mai Caji ya toshe wannan ƙofar tun da wuri. Duk wanda ya tambaya sai ya girgiza kai, ya marairaice fuska. "Zazzaɓin nan na bara ne ya taɓa mata kai. Komai ya goge. Ku dai taya mu da addu'a."

Kuma aka taya su. Matar Tela ta aiko da wani jiƙo, wai yana buɗe ƙwaƙwalwa, aka tsare Aku sai da ta shanye. In an aike ta kanti, mai kantin yakan maimaita mata saƙo sau uku da ƙarfi kamar kurma. Yaran da take yi wa aikin gida a da suka koma bin ta suna kiran "Aku ta zama jaka." Uban ya kafa mata doka, kada ya ƙara jin ta karanta ko da lambar mota ce a waje. Sai ta koyi tafiya kanta a sunkuye, don allunan shaguna ba sa barinta, suna ta kiran idonta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta sami uwarta a tsakar gida tana wanki, ta tsugunna kusa da baho.

"Inna, ki yi wa Baba magana. 'Yar Tela da ni na koya mata haɗa baƙi, an ce sunanta ya kusa shiga na sakandare."

Uwar ba ta ɗago ba. "Ni in ce masa me? Kin manta lokacin da muke kwana biyu ba a ɗora tukunya ba? Dubi ƙannenki, sun fara yin kumatu. Ke da kin riga kin iya, me ya rage miki? Ai ba a ƙwace miki abin da ke cikin kanki ba."

"Ana ce min jaka, Inna."

"Baki ne, ba ya tsaga fata. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Miƙo min sabulun nan."

Ta miƙa mata. A jikin takardar sabulun an rubuta yadda ake amfani da shi, ta karanta a zuci sau biyu don kada ta yi kuka.

Amma Malama ba makauniya ba ce. A ranar gwajin ta ga idon yarinyar ya gangara ƙasan kati, ta ga leɓenta ya motsa daidai inda akuya ta haɗiye takarda. Abin ya tsaya mata a rai. Wata ranar da la'asar sai ga ta a shagon da wayarta a hannu, wai caji ta kawo.

"Lale, lale da Malama!" in ji Mai Caji da ƙarfi, ya sunkuya da wayar.

Malama ba ta jira ya ɗago ba, ta leƙa ta saman kanta. Ga Aku a durƙushe, biro a hannu, ga kalmar Malama an rubuta tsaf a kan salatif, tawadar ko bushewa ba ta yi ba.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni mana," in ji uban, ko ƙifta ido bai yi ba. "Biron take riƙe min. Ɗan abin da za ta iya ke nan, baiwar Allah."

Malama ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, ita nake tambaya. Ƙanwata, ke kika rubuta?"

Aku ta dubi ubanta. Bai harare ta ba, bai yi komai ba, kallonta kawai yake yi, irin kallon da ta sani tun tana goye. Ta girgiza kai.

Malama ta cire gilashinta ta goge. "To bari in faɗa muku gaskiya, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwajin da za a yi nan da mako biyu shi ne na ƙarshe ga 'yan aji shida. Daga shi ake ɗaukar sunayen masu tafiya sakandare. In gwajin nan ya wuce shi ke nan, babu wani a bayansa. In akwai abin da ke hana yarinyar nan buɗe baki, yanzu ne lokacin faɗa."

Nan Mai Caji ya kwance jakar ƙarya. Ya ba da labarin zazzaɓi, da yadda ta yi kwana uku ba ta san wanda ke kanta ba, da yadda ta tashi ba ta gane ko sunanta ba. Har da share ido da bakin riga. Aku tana durƙushe a ƙafafunsa tana jin ubanta yana binne ta da ranta, kuma muryarsa ko rawa ba ta yi. Malama ta karɓi wayarta ba tare da an yi cajin ba, ta fita jiki a sanyaye. Ya bi bayanta, wai zai taka mata.

Da ya dawo ya tarar da Aku tana kuka marar sauti. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, abin da bai saba ba.

"Ke dai yarinya ce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kina tsammanin zan bari ki rasa makarantar? Mun gama magana da Malama a hanya. Na gaya mata komai, ta kuma gane. Ta ce na'urar nan da ke naɗar murya ita ce matsala, manyanta ne ke saurara. Ki yi yadda kika saba a gabanta don kada a ɗauke kayan, ita kuma za ta sa sunanki da hannunta. Amma kada ki tayar mata da zancen, aikinta za ki jawo wa matsala."

"Da gaske, Baba?"

"Wallahi tallahi. Na taɓa yi miki rantsuwa a banza?"

Bai taɓa ba. Shi ya sa ta yarda, har ta kama hannunsa ta riƙe. Kai, duniya! A makonni biyun nan Aku ta dawo Aku. Ta wanke tsohuwar jakarta ta ɗinke inda ya ɓarke. Ta gaya wa uwarta a asirce, uwar ta ce "To, Allah ya sa," ta juya tana hura wuta. In yara sun ce mata jaka sai ta yi murmushi, tana cewa a ranta, ku jira ku ga jaka a motar makaranta.

Ranar gwajin ƙarshe ta zauna a gaban Malama da zuciya fes. Na'ura ta kama aiki, kati ya sauka.

"Wannan fa?"

"Um... ba?"

"Ƙanwata, dube ni. Bar harafin. Ga labari nan a ƙasa. Karanta min ko kalma ɗaya ce. Ɗaya tak."

Aku ta ɗan sakar mata murmushi irin na waɗanda suka haɗa baki.

"Don Allah. Babu wanda zai taɓa ki. Ki sake gwadawa."

Sau uku Malama tana roƙo, har idonta ya kawo ruwa. Aku ta ce a ranta, amma matar nan ta iya wasan kwaikwayo, ta ma fi Baba. Ta tashi ta fita tana jin kamar ta yi tsalle.

Bayan kwana goma aka raba wa 'yan aji shida ambulan, kowa ya kai wa iyayensa. 'Yar Tela ta farke nata tun a hanya, ta ruga gida tana ihu. Aku ba ta buɗe nata ba. Ta ga ya dace Baba ya fara taɓawa, tunda shi ya yi ƙoƙarin. Ta iso shago da rana tsaka, Direba da Mai Nama suna zaune a benci suna jiran wayoyinsu.

Mai Caji ya ga tambarin ƙungiya, gabansa ya faɗi, don ya san ko a bar masa sola ko a sauke. Ɗoki ya sa ya manta da mutanen da ke zaune. Ya farke ambulan ya tura mata takardar. "Maza karanta mana. Me suka ce?"

Ta karanta da ido, kamar yadda aka koya mata a gidan nan. Ƙungiya tana baƙin cikin sanar da cewa yarinyar ba ta wuce matakin harafi ba a gwaji uku, don haka sunanta ba ya cikin masu tafiya sakandare. Bisa bayanin da mahaifinta ya bayar na lalurar da ta same ta a kai, da kuma roƙon da ya yi, an bar mata kwamfutar da solar kyauta, ko Allah zai sa ta amfana a hankali.

Roƙon da ya yi. Ashe rakiyar da ya yi wa Malama ke nan. Ta sake bin layin, ko idonta ne ya yi mata ƙarya, amma idonta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ba makarantar ce ta fara yi mata ciwo ba, rantsuwar ce, da hannun nan nasa da ta kama ta riƙe.

"Baba, ka ce kun gama magana da Malama."

"Eh, mun yi, mun yi. Solar fa? Me suka ce a kan solar?"

Ta dube shi sosai. Ko kunya babu a fuskarsa, tsoron farantinsa kawai. Sai ta shimfiɗa takardar a kan kanta, ta ɗora yatsa a kan harafin farko.

"Um... ba?"

"Ke! Bar wasan banza."

"Da?"

"Zan ci mutuncinki, wallahi! Karanta nake ce miki!"

"Ban iya karatu ba, Baba."

Ya ɗaga hannu, Direba ya miƙe ya tare. "Haba Mai Caji, ji tsoron Allah mana. Kai da bakinka ka ce zazzaɓi ya goge mata komai, yanzu kuma za ka dake ta a kan lalura? Kai da kake zuba mana rubutu a bayan waya kamar inji, karanta abinka."

"Ato," in ji Mai Nama. "Mu ma mu ji."

Mai Caji ya riƙe takardar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, gumi na tsattsafo masa. "Idona ne... yau tun safe yake min yaji." Ya ninke ta ya cusa a aljihu, ya fice zuwa wurin mai kemis na bakin titi.

Kuna tsammanin ya dawo da nadama? Ya dawo yana washe baki, ya shiga tsakar gida yana cewa, "Alhamdu lillahi, sun bar mana! Namu ne har abada!" Uwar ta tambaya a hankali, makarantar fa? Ya ce Allah bai nufa ba, kuma wa ya sani, wataƙila haka ne mafi alheri, 'ya mace a makarantar kwana a wannan zamanin. Uwar ta ce haka ne. Ba ta iya kallon inda Aku take tsaye ba.

To, wa za a kama? Ƙungiya ta zo da niyyar alheri, ta rubuta a rahotonta cewa yarinya ɗaya ta gagara, ta wuce unguwa ta gaba. Malama ta yi iya yinta, ta tafi tana zargin kanta. Can a wani gida akwai yaron da da gaske bai san harafi ba, yana jiran kwamfutar da ke kulle a ƙasan akwati, ba kuma za ta zo ba. Ɓarawon da ya shigo daga waje ana yi masa ihu, a bi shi da sanda. Wanda ya sace wa 'yarsa gaba ɗayan rayuwarta yana zaune a cikin gida, ana ce masa sannu da ƙoƙari, mai neman na kansa. Kuma in ka tambaye shi zai ce don su ya yi.

Ranar da motar ƙungiya ta zo ɗaukar yara, ta gaban shagon ta bi, 'Yar Tela ta leƙo ta taga tana ɗaga hannu. Aku tana bayan kanta a inda ta saba. Uban ya turo mata salatif da reza da biro, ya ɗaga murya, "A'a, Dogo, an fito?" ya sunkuya da wayar.

Ta yanki salatif daidai yadda take yanka, ta liƙa shi tsaf a bayan wayar, ta miƙa masa. Ya duba, ya ƙara dubawa, ya yi mata raɗa da haƙora a cije, ya roƙe ta, ya yi mata alkawarin sabon takalmi. Ba ta taɓa biron ba. Kafin azahar wayoyi goma sha huɗu ne jere a kan katako, baƙaƙe masu kama da juna, kowace da farin salatif a bayanta babu ko ɗigon tawada, masu su kuma sun fara taruwa a bakin ƙofa.